Ƙasar Da Ba Ta Rawa: Daga Aliero Zuwa Maiyama

Ran Litinin, 6 ga watan Fabrairu 2023, tun da sauran dare mutane suna barci, ƙasa ta yi rawa a kudancin Turkiyya da arewacin Suriya. Kafin a gama tonon kangaye, waɗanda suka mutu sun haura 50,000. A cikin biranen da suka rushe har da Antakiya, wato garin nan da muke karantawa a Ayyukan Manzanni, inda aka fara ce da masu bi Kirista. Majami'u suka fāɗi, masallatai suka fāɗi, dogayen benaye suka kwanta kamar an tattake su.

Bayan mako guda sai ƙanwar matata ta bugo mini waya daga Maiyama. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Yaya, Mama ta ƙi kwana a ɗakinta. Yau kwana biyar ke nan a tsakar gida take shimfiɗa, ga sanyi, ga tari ya kama ta. Mun yi, mun yi, ta ƙi ji."

Na tambayi dalili. Ashe jikanta ne ya nuna mata hotunan Antakiya a waya. Ga shi kuma akwai wata tsaga a bangon ɗakinta, tun daga ƙasa har kusa da taga, ita kuwa ta ce tsagar tana ƙara buɗewa. Bugu da ƙari, ɗanta na fari yana aiki a Mpape kusa da Abuja, shi ne ya ba ta labari a shekarar 2018 cewa ƙasa ta motsa da su har mutane suka fito waje da gudu. Sai tsohuwa ta haɗa uku ɗin nan wuri ɗaya, ta ce, in Antakiya ta Manzanni ta fāɗi, Abuja ta gwamnati ta motsa, Maiyama wace ce?

Na yi shekara talatin ina koya wa yara labarin ƙasa kafin in huta. Saboda haka aka ce ni ne zan tafi in yi mata bayani. Na ɗauki jakata, na jefa wani farin dutse a ciki wanda na daɗe ina ajiye da shi, na nufi tasha a Sakkwato.

A cikin mota

Mai karatu zai tuna wannan wata ne aka yi wahalar takardun kuɗi, lokacin canjin naira. Mun fi awa biyu a tasha direba yana rigima da fasinjoji a kan tsohon kuɗi da sabo. Da muka kama hanya sai hira ta koma kan rawar ƙasa. Wani saurayi yana ta ba da labarin Christian Atsu, ɗan ƙwallon Gana da gini ya rufta da shi a Antakiya. A lokacin ana kan nemansa. Ran 18 ga wata aka sami gawarsa.

Wani dattijo a gaba ya ce kakarsa ta gaya masa duniya a bisa ƙahon wani babban sa take. In ƙaho ɗaya ya gaji, sai san ya mai da ita bisa ɗayan, shi ne ake jin girgiza. Aka yi dariya. Ni ban yi ba, gama kakar nan ta fahimci abu ɗaya da mutane da yawa ba su yarda da shi ba, wato abin da muke takawa ba a kafe yake ba.

Ga yadda na yi musu bayani, haka kuma na yi niyyar yi wa surukata. Kowa ya san ƙwaryar da ta fashe aka ɗinke ta. In ka hango ta daga nesa ƙwarya guda ce, in ka matso sai ka ga sakaina-sakaina ce aka haɗa. Haka ɓawon duniya yake. Akwai manyan sakaina wajen bakwai, da ƙanana da dama. Kaurin kowace ya kai misalin kilomita 100. A ƙarƙashinsu akwai dutse mai zafi ƙwarai wanda yake motsi a hankali, kamar tuwon da ya yi kauri a tukunya. Sakainun nan suna tafiya bisansa, amma tafiyar ba ta wuce tsiron farce ba, santimita kaɗan a shekara.

Duk wahalar a bakin ɗinki take. A wani wuri sakaina biyu suna rabuwa, narkakken dutse ya taso ya cike tsakani. Haka ake yi a tsakiyar Tekun Atilantika, haka kuma a gabashin Afirka. A shekarar 2005 ƙasa ta tsage a yankin Afar na Habasha, tsawon tsagar ya kai kilomita 60. Dutsen Nyiragongo da ya kwararo wuta cikin birnin Goma na Kwango a 2002, ya sāke amai a 2021, a bakin wannan rabuwa yake. A wani wuri kuma sakaina ɗaya tana kutsawa ƙarƙashin 'yar'uwarta. Nan ne ake samun girgiza mafi muni da duwatsu masu aman wuta a jere, kamar Indunusiya inda girgizar 26 ga Disamba 2004 ta tā da igiyar teku ta kashe mutum wajen 230,000, da Jafan a 2011. A wani wurin kuwa gogar juna suke yi, wannan ta yi kudu, waccan ta yi arewa. Sai su maƙale shekara ɗari ko ɗari biyar, ƙarfi yana taruwa, ran da suka kuɓuce sai a yi tafiyar shekarun nan duka cikin minti ɗaya. Abin da ya sami Antakiya ke nan.

Masu zuwa ziyara Urushalima sun taka irin wannan ɗinki ko da ba su sani ba. Kwarin Kogin Urdun da Tekun Gishiri, wanda bakinsa ya fi mita 400 ƙasa da bakin babban teku, ɗinki ne tsakanin sakainar Larabawa da maƙwabciyarta, ya miƙe arewa har kusa da Antakiya. Shi ya sa mutanen Littafi Mai Tsarki suka san rawar ƙasa sarai. Annabi Amos ma da wata babbar girgiza ya ƙidaya lokacin annabcinsa, yadda tsofaffinmu suke ƙidaya shekaru da yunwa ko fāri. A 1927 ta sāke yi kusa da Yariko, ɗaruruwan mutane suka mutu.

Saurayin nan ya ce, "To Baba, mu ina ɗinkinmu yake?"

Na ce masa ya yi haƙuri mu wuce Tambuwal, zan nuna masa amsa ta taga.

Tuddan Aliero

Wanda ya bi hanyar nan ya san yadda ƙasar take. Fili ne shimfiɗaɗɗe, jigawa da fadama, sai can ka hangi tudu. Amma ka lura da tuddan. Ba su da tsini. Kansu a baje yake kamar an sa wuƙa an yanke, kuma in ka gwada wannan da wancan, tsayinsu kusan ɗaya ne. Jar marmara ce ta rufe kansu kamar hula. Ma'anar wannan ita ce, dā can duk ƙasar a wannan tsayi take. Ruwan sama ne ya yi ta zaizaye mai taushi yana kwashewa, ya bar inda marmara ta yi tauri. Ba wata wuta ce ta turo tuddan nan sama ba. Saura ne da ruwa bai gama ci ba.

Na sauka a Aliero domin akwai wani tsohon ɗalibina da ya daɗe yana cewa in biya. Lokacin cirar albasa ne. Tun kafin mota ta tsaya hanci ya gaya maka inda ka zo. Buhuna a jere a bakin hanya, manyan motoci suna lodi zuwa kudu, a bayan gari kuma ga rudu na kara inda ake ajiye albasa ta sha iska har farashi ya tashi. Tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a garin a 2006, gine-gine sun yawaita ƙwarai, amma albasa ce har yanzu uwar gari.

Ɗalibin nawa ya kai ni gonarsa inda ake gina masa rijiya. Na tarar da mai ginin ya fito yana hutawa, jikinsa duk laka. Ƙasar da ya fitar tana nan tsibi-tsibi, kowane da launinsa: ja, fari-fari, ruwan toka, sa'an nan yashi mai laushi. Na tambaye shi yadda suke a ciki. Ya ce, "Malam, bisa-bisa suke, kamar tabarma bisa tabarma. Ka wuce jar ƙasa ka iske laka, ka wuce laka ka iske rairai, nan ruwa yake. Tun da nike wanga aiki ban taɓa iske su a karkace ba. Yadda anka shimfiɗa su haka suke kwance."

Na ji daɗin maganan nan fiye da littattafai da yawa da na karanta. Mutumin nan bai shiga aji ba, amma ya faɗi ainihin abin da masana duwatsu suka rubuta a kan wannan yanki. Daga Sakkwato zuwa Gwandu, Aliero, Jega, Birnin Kebbi, har cikin Jamhuriyar Nijar, wani babban kwari ne da yashi da laka suka cika sannu a hankali, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Sun ɗan jirkice kaɗan zuwa arewa maso yamma, amma kaɗan ɗin da ido ba ya gani a cikin rijiya. A ƙasashen da suke bakin ɗinki ba haka ba ne. A can za ka ga shimfiɗun dutse a naɗe kamar zane, waɗansu a tsaye, waɗansu a kife. In ka shiga ɗaki ka tarar da tabarmi a shimfiɗe ba ko lanƙwasa, ka san ba a yi kokawa a ɗakin ba.

Amsar saurayin nan ke nan. Muna zaune ne a tsakiyar sakainar Afirka. In ka nufi kudu maso yamma, sai ka shiga tsakiyar Tekun Atilantika kafin ka sami ɗinki. In ka nufi arewa, sai ka ƙetare Sahara duka ka kai gaɓar Aljeriya da Maroko. In gabas ne, sai Habasha da Kwango. Ta kowace fuska ya fi kilomita 2,000.

Abin da maɗori ya ce

Amma fa da na tsaya a nan, da surukata ta kā da ni da tambaya ɗaya: to me ya motsa Mpape?

Aliero ta yi suna da abu na biyu bayan albasa, wato ɗori. Daga nesa ake kawo masu karaya. (Ra'ayina a nan shi ne, in ƙashi ya huda fata, ko ƙafa ta fara canja launi, ko abin ya shafi baya ko kai, a nufi asibiti tukuna, kada a ɓata lokaci.) Kawun ɗalibina maɗori ne, muka je gaishe shi da yamma. Cikin hira na tambaye shi ko ƙashin da aka ɗora yakan koma daidai kamar dā. Ya ce, "In ya kama, ya kama. Mutum shi yi noma, shi yi dako. Amma ran da sanyi ya sauka, mai shi shina jin wurin."

Na ce a raina, ga bayanin Mpape.

Ƙasarmu ma tana da tsofaffin karaya. Masana suna lissafta cewa shekaru wajen miliyan 600 da suka wuce, bakin ɗinki a nan kusa da mu yake. Manyan sassan ƙasa suka yi karo, duwatsu masu tsayi suka tashi, ƙasa ta kakkarye. Daga baya karayar ta kama, ruwa da iska suka cinye duwatsun. Saiwarsu ce muke gani yau in mun wuce Koko muka nufi Yawuri, ko muka shiga ƙasar Zuru, inda taushin ƙasar Gwandu ya ƙare, baƙin dutse mai tauri ya fito fili. Ɗaya daga cikin tsofaffin karayan nan ta bi ta Anka ta gangaro ta Yawuri. Wata kuma ta bi ta Zungeru ta yi kudu zuwa ƙasar Yarabawa. A cikin irin waɗannan tsagogi ne ruwan zafi ya bar zinariya, wadda ake haƙa yau a Yawuri da Anka. Mutanen Zamfara sun sha wuyar wannan gādo a 2010, sa'ad da gubar dalma da take tare da zinariyar ta kashe yara fiye da 400.

To, irin waɗannan tsofaffin karaya sukan ɗan motsa jifa-jifa. An ji a Ijebu-Ode a 1984. An ji a Kwoi ta kudancin Kaduna a watan Satumba 2016, bangaye suka tsattsage, mutane suka kwana a waje. An ji a Mpape a Satumba 2018, aka sāke ji a Satumba 2024. Akwai cibiya a Toro ta Jihar Bauchi mai na'urorin auna irin wannan motsi. Ma'aunin da ake amfani da shi yana da ruɗi ga wanda bai saba ba, gama kowane hawa ɗaya ya ninka na ƙasa da shi wajen sau 32 a ƙarfi. Ta Mpape wajen 3 ce. Ta Turkiyya 7.8. Mutum zai ce ai bai kai ninki uku ba. Ina! Ya fi sau miliyan goma.

Ba na so in ce Afirka ta Yamma ba ta taɓa ganin mai kisa ba. Ran 22 ga Yuni 1939 girgiza ta kashe mutum 17 a Akra, babban birnin Gana, har a kudancin Nijeriya an ji ta. A Disamba 1983 wata ta kashe ɗaruruwa a arewacin Gini. Tsohuwar karaya takan yi ciwo sosai wani lokaci. Amma tsakanin wannan da zaman bakin ɗinki akwai nisa.

Jega da tekun da ya tafi

Kashegari da safe na shiga Jega. Tafiyar ba ta da nisa. Jega mararraba ce, hanyar Sakkwato, da ta Birnin Kebbi, da ta Yawuri duk a nan suke gamuwa, kasuwarta kuwa tsohuwa ce tun zamanin fatake. Na tsaya a kan gadar Gulbin Zamfara. A watan Fabrairu ruwan ya janye, ana shinkafar rani a fadama, injunan ban ruwa suna ta kuka. Wanda ya ga gulbin nan a lokacin ba zai yarda shi ne ya yi ɓarna a daminar 2020 ba, sa'ad da ambaliya ta shafe gonakin shinkafa a Jihar Kebbi, ta kā da gidaje, ta yanke hanyoyi.

A nan na fito da farin dutsen nan daga jaka. A Kalambaina na tsince shi tun ina koyarwa, kusa da inda kamfanin siminti yake fasa dutse. In ka juya shi za ka ga siffar ƙwanso a jikinsa sarai, irin na bakin teku. Wannan farin dutse da ake ƙonawa a yi siminti, wanda jijiyarsa ta miƙo daga Sakkwato har wajen Jega, ba kome ba ne sai ɓawon ƙananan halittun teku da suka taru suka daskare. A wajen Dange da Wurno ana tsintar haƙoran kifayen teku. A ƙasar Goronyo aka tono ƙasusuwan wata babbar dabbar ruwa mai kama da kada, har masana suka raɗa mata suna da sunan garin, suka ce Goronyosaurus.

Yaya teku ya zo Jega? A nan labarin sakaina ya shafe mu kai tsaye. Ka ɗauki taswira ka dubi ƙugun Burazil, ka dubi lungun da Nijeriya da Kamaru suke. Kamar an yage su daga juna. Wani Bajamushe mai suna Alfred Wegener ya faɗi haka a 1912, aka yi masa dariya, sai bayan 1960 da aka auna ƙarƙashin teku aka ga gaskiyarsa. Sa'ad da Afirka da Amurka ta Kudu suke rabuwa, shekaru fiye da miliyan 100 bisa lissafin masana, ƙasarmu ma ta so ta tsage biyu. Tsagar ta fara, ba ta ƙarasa ba. Ita ce kwarin Binuwai. A zamanan da suka biyo baya ruwan teku ya yi tashin da ya malalo cikin ƙasa ta Sahara, ya kwanta a wannan kwari namu, ya janye, ya komo, ya sāke janyewa. Inda ake cirar albasa yau, kifi ya yi iyo.

Aman wuta fa? A Kebbi babu. Wanda yake son ganin inda aka yi a Nijeriya sai ya tafi tudun Biyu a Borno ya ga Tafkin Tila, wanda yake cikin bakin mataccen dutse, ko ya tafi Panyam da Kerang a Filato. Mai rai mafi kusa da mu shi ne Dutsen Kamaru, wanda ya yi amai a 1999 da 2000. Abin mamaki, shi ma ba a bakin ɗinki yake ba, zafi ne yake tasowa daga ƙasa a tsakiyar sakaina. A jerin duwatsun nan ne Tafkin Nyos yake, wanda ya saki mugunyar iska da dare ran 21 ga Agusta 1986, ta kashe mutum 1,746 da shanu wajen 3,500, da yawansu na Fulani makiyaya. Saboda tsoron fashewar bakin tafkin nan ne aka gina madatsar Kashimbila a Taraba, don ta tare ruwan kafin ya auka wa mutanen Binuwai.

Na mai da dutsena jaka, na sayi ƙosai da sauran sabon kuɗin da ya rage mini, na shiga motar Maiyama.

Bangon Mama

Na iske ta a gindin darbejiya a tsakar gida, ta lulluɓa da zane biyu, tarin kuwa ya sauka ƙirji. Mutuniyar Zuru ce, aikin mijinta ne ya kawo su Maiyama tun suna da ƙuruciya, a nan ya rasu, a nan ta zauna. Na durƙusa na gaishe ta. Bayan an kawo ruwa ta ce, "Malam, an aiko ka ka ce mini na tsufa ne?"

Na ce, "A'a Mama, na zo in ga bangon ne."

Na sa aka kawo tsohuwar ƙwarya ɗinkakkiya da ake awon dusa da ita. Na yi mata bayanin nan duka, na nuna mata ɗinki na ce nan Antakiya take, na sa yatsa a tsakiyar sakaina mafi fāɗi na ce nan Maiyama take. Na gaya mata abin da mai ginin rijiya ya ce, da abin da maɗori ya ce. Ta yi shiru tana juya ƙwaryar. Na miƙa mata farin dutsen. Ta kai shi kusa da ido, ta shafa ƙwanson da babban yatsa, ta ce, "Ruwan Nuhu ne." Ban yi gardama da ita ba.

Sa'an nan ta ce, "Na ji. Amma bango yana buɗewa. Zo ka gani."

Ashe ta fi mu duka hankali. Tun kafin Kirsimeti ta sa gawayi ta yi alama a inda tsagar ta tsaya. Yanzu tsagar ta wuce alamar da kusan taƙi guda, a gindi kuwa yatsana biyu suna shiga. Na zagaya bayan ɗakin. Nan na ga abin da ya sa jikina ya yi sanyi. Ɗakin na tubalin ƙasa ne da rufin kwano, an gina shi a gefen da gidan ya gangara, bisa baƙar laka. Shekara biyu da suka wuce an ja katangar bulo a bayansa, ta toshe hanyar da ruwa yake bi. Duk ruwan kwano a gindin bangon yake zuba ya kwanta. Gindin ya zaizaye ya shiga ciki kamar an yi masa ƙwarya-ƙwaryar rami, gara kuma ta samu wuri. Baƙar laka kuwa halinta ne ta kumbura da damina, ta tsuke ta tsattsage da rani. Kowace shekara tana ɗaga bangon tana sauke shi. Kusurwar ɗakin ta riga ta fara rabuwa da sauran.

Na komo na zauna. 'Ya'yanta suna jira in ce mata ta koma ɗaki. Na ce, "Mama tana da gaskiya. Kada kowa ya ƙara kwana a ɗakin nan."

Ƙanwar matata ta ce, "Yaya, ai cewa muka yi ka kwantar mata da hankali!"

Na ce ba rawar ƙasa ba ce, ba kuwa za ta zama ba. Amma bangon nan ba zai ga ƙarshen Agusta a tsaye ba, gadonta kuma a jikinsa yake. Kowace damina muna jin labarin ɗakin da ya fāɗa wa mutane da dare a garuruwanmu, uwa da 'ya'ya, bayan ruwan kwana biyu. Ba a sa shi a rediyon duniya, gama mutum uku ne ko biyar. A Turkiyya ma, masu bincike sun nuna yawancin waɗanda suka mutu, ginin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba ne ya kashe su, gama akwai gidajen da suka tsaya daram a gefen waɗanda suka ruguje.

Da yamma aka kira magini. Ya duba, ya ƙwanƙwasa, ya ce yaɓe ba zai yi ba, sai an sauke bangon baya da kusurwa, a haƙa tushe har a wuce laka, a sa dutse da bulo layi huɗu kafin a ɗora tubali, a kuma fasa katanga a yi wa ruwa hanya. Ya faɗi kuɗin. Muka kira na Mpape a waya, muka raba uku. Matan zumunta suka ce su za su ɗebo ruwan aiki. Daren nan Mama ta kwana a ɗakin jikokinta, aka shafa mata man zafi, kashegari aka kai ta asibiti aka ba ta maganin tari.

Na kwana uku, na ga an fara sauke bangon. Da aka cire kwano aka taɓa kusurwar, mutum biyu ne kawai suka tura, ta tafi gaba ɗaya. Mama tana zaune a kujera tana kallo, ba ta ce kome ba, sai ta dubi 'ya'yanta ɗaya ɗaya.

Ran da zan tafi na je sallama. Na ga farin dutsena a kusa da Littafinta, ban kuwa tambaya ba. Ta sa aka ɗaura mini gyaɗa da kuka. Har na kai ƙofa sai ta kira ni.

"Malam, ka ce sakainar nan tamu tafiya take yi?"

Na ce, "I, Mama."

"Ina ta nufa?"

"Arewa, wajen Turai."

"Yaushe za mu isa?"

Na ce a shekara ba ta cika ko faɗin farcen ɗan yatsa ba.

Ta gyara zanenta ta ce, "To, a gaya wa magini ya sa siminti da kyau."